Raƙumin Tururi na Kawu Ɗan'iya

Shekara shida na yi rabona da Riyad. Na tafi Kano a 1990 da sunan karatu, karatun ya ƙi ni ko ni na ƙi shi, na gangara Legas, na leƙa Kwatano, na yi wata takwas a Yamai ina sayar da batir, sannan a bazarar 1996 na dawo gida da jaka ɗaya da bizar ziyara.

Filin da muke buga ƙwallo a Nasiriya na tarar an ɗora masa gada. Ɗan Yaman mai shagon kusurwa ya tafi, wani Ba'indiye ne a wurin, bai kuma san ubana ba. Kowane saurayi da feja a ƙugu, 'yar na'urar nan mai sanar da kira, tana kuka yana taƙama. A kan rufin gidaje an ɓoye farantan kama tashoshi a bayan tankunan ruwa, kowa ya sani, ba mai faɗi. Ɗakina ya koma ma'ajiyar shinkafa da keken ɗinki. Baba, wanda har yanzu shi ke tafinta a ofishin jakadanci, ya fara rina gemu. Yaran da na bari suna rarrafe kuwa sun girma, suna yi min dariya da Larabci.

Kawu Ɗan'iya kaɗai ne bai sake ba, sai tumbi da ya ƙara da kyamarar bidiyo da ya saya. Ƙanin Umma ne, a saman benenmu yake da matarsa Anti Madina da 'yarsu tilo, Hanifa, mai shekara takwas. Aikinsa tsaron sito a wani kamfanin kwalaye a Birnin Masana'antu na Biyu, amma in yana ba da labari sai ka ɗauka shi ya kafa birnin. Shi ya koya wa injiniyan kamfanin gyaran inji. Lokacin yaƙin Kuwait ma shi ya fara hango makami mai linzami a sama, ya nuna wa sojoji da yatsa.

Na kuma tarar da Iya, kakata, uwar Umma da Kawu. Daga Katsina ta zo Umra, ta zarce Riyad ganin jikoki. Ranar Juma'ar farko muna cin abinci a wajen Kawu sai ta dubi Hanifa.

"Ke, miƙo min butar can."

"Na'am, ya jadda?" in ji Hanifa. Ta waiwaya, ta ɗauko madannin talabijin ta kai mata da hannu biyu.

Iya ta juya abin a hannunta, ta ajiye.

"Ɗan'iya, wata biyu ke nan ina yi wa yarinyar nan magana tana amsa min kamar limamin Harami. Saura kwana arba'in in koma. In ba ta buɗe baki ta yi min magana cikakkiya da Hausa ba, magana mai kai da gindi, ku haɗa mata kaya. Da ita zan tafi Katsina, sai ta iya."

Cokali ya tsaya a hannun Anti Madina. Duk wanda ya san Iya ya san ba ta maimaita magana.

"Kwana arba'in?" in ji Kawu, yana suɗe yatsa. "Iya, ai kin ba ni da yawa."

Laifin abin da ya biyo baya rabi nawa ne, don ni na zo da littattafan. A tashar mota a Kano na saye su don rage tafiya, jerin labari ne kashi bakwai da wani malamin firamare ya rubuta, sunansu *Maƙeran Gobarau*. A cikin labarin, shekara ɗari biyu da suka wuce maƙeran Katsina suka lura cewa tururin da ke ɗaga murfin tukunyar dambu zai iya tura ƙarfe. Suka ƙera raƙuma masu shan ruwa da cin gawayi, masu zuwa Agadas a kwana uku. Suka ɗinka jiragen sama na fata, ana ɗaure su a hasumiyar Gobarau. Da Turawa suka iso, roƙo suka yi a ɗauke su koyon sana'a, aka sa su zuga wuta. Jarumar labarin wata yarinya ce, Kyauta, jikar tsohuwa Biba shugabar maƙera. Kashi na huɗu ya ɓace min a Kwatano.

Kawu ya karanta na ɗaya a zaune, ya rufe, ya buga cinya.

"Ghazali, a ina Hanifa ta koyi Larabci?"

"A makaranta mana, Kawu."

"A talabijin. Katun ɗin nan da take kallo tun safe, zomo na Larabci, kyanwa na Larabci. To abin da ya shiga ta katun, ta katun zai fita. Littafin nan zan mayar katun, da Hausa. Ta kalla sau ɗaya, bakinta ya buɗe."

"Baban Hanifa," in ji Anti Madina daga ƙofar kicin, "me zai hana ka zauna ka riƙa hira da ita?"

"Hira? Wannan tsohon yayi ne."

Na ce masa na ji an ce Japanawa sai sun yi zane goma sha biyu kafin a sami motsin daƙiƙa ɗaya.

"Rashin basira ne ke wahalar da su," in ji Kawu. "Zane ɗaya, in ka iya motsa shi, ya ishe ka rabin awa. Ni da na ga yadda ake komai a kamfani?"

Kwali bai yi wuya ba, ya ciko bayan mota da shi. Mai zane kuma ya samo Moussa, wani mutumin Maraɗi mai rubuta allunan shaguna, siriri, mai tsantseni, ba ya fashin karatu a masallaci. Kawu ya ba shi hoton fasfo biyu: a zana Kyauta da fuskar Hanifa, tsohuwa Biba da fuskar Iya, don kowacce ta ga kanta ta ji daɗi.

Bayan kwana biyar Moussa ya kawo aiki. Hannunsa na da kyau, ba a magana. Raƙumin har da bututun hayaƙi a tozo da ƙusoshi a gwiwa. Iya kuwa ta fito sak, da wushiryarta da tsagenta. Sai dai a wuyan kowane mutum an ja layi ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ni ban yi mamaki ba. A makarantun Riyad haka aka koya mana: in ka zana mutum ko dabba sai ka ja masa layi a wuya, alamar ba mai rai ka yi ba. Na ja wa tsuntsaye da yawa a firamare. Amma namu da fensir ne, na Moussa da jar tawada.

"Malam Moussa, mene ne wannan a wuyan uwata?"

"Layi ne, Alhaji."

"Na ga layi ne. Wa ya aike ka?"

"In ban ja shi ba, ranar ƙiyama a ce in hura mata rai. Kai za ka hura min?"

"To ga raƙumi nan ba ka ja masa ba."

"Wanga na ƙarhe ne, tun asali ba shi da rai."

"Me ya sa ja?"

"Baƙar ta ƙare a allon mai faci."

"Goge shi."

"Sai dai ka nemi wani. Kuma littahin ga da gyara, Alhaji. An yi labarin Katsina kashi bakwai ba a ambaci Maraɗi ba, alhali mu ne Katsinawan asali, ku gadin gida muka bar muku."

"Gudu kuka yi," in ji Kawu. Ya ɗaga kwalin ya karkata kai. "Bar shi. Ai labarin tururi ne. Tururi zai rufe wuyan."

Kicin ɗin Anti Madina ya zama wurin ɗaukar fim. Kawu ya jingina kwalaye a jikin bango, ya ɗora kyamara kan buhun shinkafa, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki don kada ta kore tururi. Watan Yuni ne, a Riyad. Aikina shi ne in kwanta a ƙasa in riƙa jan ƙafafun raƙumi da zare. Kawu shi ne mai kyamara, shi ne kuma muryar kowa: Kyauta, Biba, Turawa, har kukan raƙumi.

Da butar shayi muka fara. Tururinta bai kai wuyan kowa ba. Muka koma tukunyar nan mai fito da ake dafa wake, ita kuma duk lokacin da Kawu ya buɗe baki zai yi magana sai ta riga shi. Rana ta uku murfinta ya yi tsalle, wake ya yi wa Turawa ruwa.

"Abincin rana ke nan kuka zuba wa kwali," in ji Anti Madina.

"Sadaukarwa ce. Gobe in ana hira da ni a talabijin zan ambace ki."

Sai ya tuna da Yacouba, mutumin Damagaram mai shagon wanki da guga a layinmu, wanda ke da dutsen guga mai feso tururi. Yacouba ya yarda, bisa sharaɗin ba mai taɓa dutsen sai shi. Kawu ya naɗa shi injiniyan tururi. Matsalar Yacouba ɗaya ce, ba ya iya ganin abu ya lanƙwashe ya ƙyale. Da kwali ya sha tururi ya fara tanƙwarewa, sai ka ga hannunsa ya shigo gaban kyamara ya goge jaruma.

"Yacouba, ana ɗauka."

"Ta yamutse ne, Alhaji. Ba ni barin aiki haka."

Ranar da muka zo wurin da maƙera ke hura babbar wuta, Kawu ya shaƙe murya kamar ta tsohuwa ya riƙa ihu, "Wuta, a ƙara wuta," tururi kuma na fita ta ƙarƙashin ƙofa. Maƙwabcinsu Basudane, wanda ya zauna da Hausawa har ya san kalmar wuta, ya banko ƙofa da bokiti cike. Bai tambayi kowa ba. Rundunar Turawa gaba ɗaya ta jiƙe ta narke, ni ma da nake kwance na sami rabona.

Mutumin ya dube mu, ya dubi kwalaye, ya ce da Larabci, "Ya Ɗan'iya, lafiyarka ƙalau?"

"Fim muke yi."

"Allah ya ba da lafiya," in ji shi, ya ɗauki bokitinsa.

Moussa ya ce ba zai sake zana Turawa ashirin ba. Kawu ya ce ba komai, a sabon tsari ambaliya ta cinye su a hanya.

A mako na uku na lura da wani abu. Duk lokacin da Yacouba ya fesa tururi a wuyan mutum, jar tawadar nan sai ta jiƙe ta fara gangarowa kan ƙirji.

"Kawu, dubi wuyan Iya."

Ya manna ido a 'yar tagar kyamara. Tagar nan ba ta nuna launi, komai baƙi da fari ne, girmanta bai wuce akwatin ashana ba.

"Sarƙa ce," in ji shi. "Ta ma ƙara mata kwarjini."

"Mu sa a talabijin mu gani mana."

"Babban mai shirya fim ba ya kallon aikinsa kafin jama'a. Ka yi yawon duniya shekara shida ba ka san wannan ba?"

Duk wannan lokaci Anti Madina na ta fama a falo. Takan nuna ƙofa ta ce ƙofa, Hanifa ta gyaɗa kai ta faɗi sunanta da Larabci. Anti Madina har ta daina cin abincin kirki. Wata rana na same ta tana ninke kayan yarinyar tana warwarewa. In Hanifa ta leƙo kicin kuwa, Kawu korar ta yake da Larabci, "Barra, barra," wai kada ta ga abin mamaki tun bai nuna ba.

"Baban Hanifa, yau kwana talatin, kalma ɗaya ba ka yi mata da Hausa ba."

"Ina tara mata ne. Rana ɗaya za ta sha duka."

Iya kuwa harkarta take yi. Kullum da hantsi takan zauna a bakin taga da carbi, in na wuce ta ce, "Maigida, an ce kai ne ƙafar raƙumi. Da wannan sana'ar za ka riƙe ni?"

Ni na ɗauka a falo za a nuna wa Hanifa abin, mu kaɗai. Ashe Kawu ya buga takardar gayyata. Ya kama istiraha, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya, a wajen Dir'iyya, ranar Juma'a bayan la'asar, saura kwana biyu jirgin Iya ya tashi. Ya gayyaci ma'aikatan ofishin jakadanci da iyalansu, direbobi, ɗalibai, mutanen Maraɗi da na Damagaram. A ƙasan takardar ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya ƙara da cewa wannan ne katun na farko a tarihin Hausa, kashi shida na tafe.

Mutane suka zo, don ranar hutu ce kuma an ce akwai shinkafa da rago. Aka ja labule a tsakiyar zauren, maza a dama, mata a hagu, talabijin a gaba inda kowa zai gani, yara a ƙasa. Iya aka sa wa kujera a sahun farko, Hanifa a gindinta. A bayan talabijin Kawu ya ɓoye Yacouba da dutsen gugarsa, wai in an zo wurin tashin raƙumi ya fesa tururi na gaske, jama'a su ji a jikinsu.

Fim ɗin minti goma sha ɗaya ne. Huɗun farko Kawu ne a zaune cikin babbar riga yana bayanin yadda tunanin ya zo masa. Daga nan raƙumi ya fito. Gaskiya ya yi kyau. Ya ɗaga ƙafa, ya sauke, ga hannuna a ƙasa da agogona yana jan zare. Yara suka yi tafi. Kyauta ta bayyana, ta buɗe labari da muryar ƙato mai mura, tukunyar wake ta yi fito a kanta. Wani hannu ya shigo da dutsen guga ya bi ta kanta sau biyu. Maza suka fara tari.

Aka zo inda Kyauta ta faɗa rijiya, ƙarshen kashi na uku ke nan a littafi, na huɗu kuwa shi ne ya ɓace. Hoto ya yi tsalle, sai ga ta a sama cikin jirgin fata. Muryar Kawu ta ce, "To, ta dai fito."

"Ta yaya?" wani direba ya tambaya.

"A bi labari a hankali," in ji Kawu.

Sannan kyamara ta matso kan tsohuwa Biba. Fuskar Iya ta cika talabijin, wushirya da tsage da komai. Tururi ya taso, ya wuce. A wuyanta ga jan layi daga kunne zuwa kunne, yana tsiyaya a hankali har kan zani. Bakin kuma na cewa, da muryar Kawu, "Jikata, yau ranar farin ciki ce."

Yaran kaɗai ba su damu ba, su da ke jan irin layin nan kullum a makaranta.

"Maigida," in ji Iya ba tare da ta waiwayo ba. "Zo nan. Idona ne, ko ni ce waccan?"

Na durƙusa kusa da ita. "Kama ce, Iya."

"Wa ya yanka ni?"

"Sarƙa ce, Iya," in ji Kawu daga gefen talabijin.

"Sarƙa mai zuba?"

Moussa ya ɗaga murya daga ɓangaren maza. "Ba yanka ba ne, Hajiya. Don kada a tambaye ni ranki ne gobe ƙiyama."

"Au, kai ne mahaucin?"

Kyamara ta koma kan Kyauta. Ita ma nata wuyan na zuba. Delou, wata mai dafa abinci 'yar Damagaram, ta ce daga bayan labule, "Har ɗiyar ba su bari ba." Anti Madina ta rufe fuska da mayafi. Dariyar da maza ke dannewa tun ɗazu ta ƙwace, wani dattijo har da riƙe ciki.

Kawu ya ga abin na neman lalacewa, sai ya yi wa Yacouba alama tun lokaci bai yi ba. Yacouba ya danna. Tururi ya turnuƙe ta bayan talabijin, wani abu ya yi ƙara a bango, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Talabijin ya mutu, na'urorin sanyi suka yi shiru. Yacouba ya miƙe daga maɓoyarsa da dutsen guga a hannu, ya gaida jama'a.

"A nan kashi na ɗaya ya ƙare," in ji Kawu. "Da gangan aka tsara shi haka."

Kowa na share hawayen dariya. Cikin wannan hayaniya Hanifa ta tashi ta je ta kama rigar ubanta. Idonta na kan talabijin ɗin da ya mutu. Da Larabci ta tambaye shi, kowa na ji, ko raƙumin nan gaskiya ne, akwai shi a Katsina?

Da a ɗaki ta tambaye shi, wataƙila da ya faɗi gaskiya. Amma mutum sittin na kallon sa, kuma ita kaɗai ce a zauren ba ta yi masa dariya ba.

"Akwai mana," in ji Kawu da Larabci, yana ɗaga murya. "Katsina cike take da su. A ƙofar gidan Iya ma akwai guda, ni na ɗaura masa bututu da hannuna."

Hanifa ta saki rigar. Ta taka zuwa gaban Iya, ta tsaya. Kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, da ɗan karkacewar harshe.

"Iya, ni zan tafi da ke Katsina. Ina so in hau raƙumi na tururi."

Iya ta ƙirga da yatsu, leɓenta na motsi.

"Magana biyu ma ta yi, kowacce da kai da gindi," in ji ta. "Ɗan'iya, ka cika alkawari. Ba zan ɗauke ta don dole ba."

Kawu ya buɗe hannuwa ya juyo ga jama'a. "Kun gani? Kallo ɗaya."

"Sai dai ka ji abin da ta ce," in ji Iya. "Ni kuma ba a roƙo na da Hausa in hana."

Hannuwan Kawu suka sauko. Anti Madina ta yaye labule, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Baban Hanifa, faɗa mata gaskiya."

Ya durƙusa gaban yarinyar. Ya dube ta, ya dubi maza, ya goge zufa.

"Hanifa, wato, raƙuman nan, ba kullum suke fitowa ba."

"Zan jira," in ji Hanifa. Ta uku ke nan.

"Wani lokaci gawayi kan yanke."

"Faɗa mata babu," in ji Anti Madina.

"Ba za a ce babu ba kai tsaye," in ji Kawu a hankali.

Iya da Anti Madina suka gama maganar a tsakaninsu, a mota, ba su nemi shawararsa ba. Hanifa za ta bi Iya ta yi hutun makaranta, wata uku, ranar da za a koma aji tana Riyad. Anti Madina ta sa Iya ta faɗa sau biyu, karo na farko a tarihi. Da aka zo kan wanda zai raka su ya kuma dawo da yarinyar, sai duk suka juyo suka dube ni. Ban yi gardama ba. Dama tun mako na biyu ƙafata ke ƙaiƙayi.

Washegari da hantsi ina ɗakin shinkafa ina cusa kaya a jaka, ina jiyo Hanifa a sama tana tambayar Iya sunan kowane abu da ake sa mata a akwati, Anti Madina na amsawa da murya a dushe. Kawu ya shigo ya turo ƙofa. Idonsa ya yi ja. A hammatarsa akwai kwalin raƙumin nan, an ninke shi biyu, ya rubuta awo a gefe da biro.

"In kun isa, ka nemi maƙeri mai hankali ka ba shi wannan. Tsawo kamu shida. Tukunyar a ciki, bututu a tozo. Ba sai ya je Agadas ba, ya dai ɗaga ƙafa. Ka ce ya gama kafin ta iso."

"Kawu, ai mota ɗaya za ta kai mu."

Ya kalli buhunan shinkafa.

"To ka riƙe ta a Kano kwana biyu," in ji shi. "Aikin ba wuya. Da ina nan da yini ɗaya zan gama shi."

Na karɓi kwalin, na fitar da takalmi ɗaya don ya sami wuri, na ja zif.